Wankin Filta a Cikin Takaba

Ban iya rubutu ba. Matar ɗana ce zaune a gabana tana rubuta abin da nake faɗa, na kuma gaya mata idan kuka ya tsayar da ni ta ajiye biro ta jira, kada ta cike mini gurbi da nata kalaman.

Malam, mijina, ya rasu a farkon sanyin bara waccan. Mun daɗe a Sparkbrook, cikin Birmingham, yana tuƙa bas, ni ina renon yara biyun da Allah ya bar mana: babban namiji, wanda yanzu yake Manchester da iyalinsa, da autata, wadda take aikin nas. Da Malam ya ajiye aiki, Auta ta samu wani tsohon gida a wajen gari, inda gine-gine suke ƙarewa gonaki su fara, ta ce mu zo mu zauna tare. Mijinta aikinsa a kan teku yake, sai ya yi makonni ba mu gan shi ba, ga ta da ƙaramar yarinya. Malam ya ga lambun gidan, ya duƙa ya damƙi ƙasa ya murza, ya ce ya yarda, tun bai leƙa ɗakuna ba.

Bututun gas bai kai wannan wuri ba. A ƙarshen lambu akwai wani koren tanki na ƙarfe, ya kai ƙaramin rumbu, mota ce take zuwa ta cika shi, daga nan mai ya bi siririn bututu ya shiga boila ya ɗumama gida. Ranar da muka tare na tsaya kusa da shi na shaƙi warin, na ce, "Malam, ai wannan kananzir ne."

Ya ce, "Shi ne kuwa, Hajiya. Mun haye teku, mun zagayo mun dawo wa risho."

A gindin tankin, daidai inda mai yake fita, akwai famfo, sai wani ɗan kofin ƙarfe a maƙale. A cikin kofin filta take, wata 'yar raga mai tace dauɗa kafin mai ya wuce. Kowace shekara, da ganye ya fara zuba, Malam yakan zaɓi ranar da babu ruwan sama ya ce in fito. Shi zai durƙusa a kan buhu ya rufe famfo, ya kwance kofin da sifana, ni kuma in riƙe masa wani tsohon kwanon sha a ƙasa don kada mai ya zuba a ƙasa. Ya ciro ragar ya wanke ta da buroshin haƙori a cikin kananzir mai tsabta, ya goge kofin da tsumma, ya mayar da komai. Aikina kenan, riƙon kwano da miƙa tsumma. Amma shi yakan ce ni ce babbar injiniya, shi yaron shago ne.

"Hajiya, kwanon ya karkace."

"Hannunka ne yake rawa, tsoho."

"Tsoho? Ki tambayi matan da suke shiga bas ɗina."

Haka muke yi har a gama. Sai ya kwana biyu hannunsa yana warin kananzir, ina ƙorafi idan ya sa hannu a tuwo.

A shekarar da ya rasu bai yi wannan wanki ba. Ganye na fara zuba ya kwanta, daga gida asibiti, daga asibiti maƙabarta.

Mutane sun zo ta'aziyya fiye da yadda na zata. Tsofaffin abokan aikinsa, matan unguwarmu ta da, ɗaliban jami'a daga Selly Oak waɗanda yake ɗauka a motarsa zuwa sallar Idi, wasu ma ban san su ba. Na ce a buɗe ƙofar gida a bar ta a buɗe. A garinmu ba a bari mai ta'aziyya ya tsaya yana ƙwanƙwasa kamar mai bara. Auta ta zo ta durƙusa kusa da ni ta ce a hankali, "Umma, hita tana kunne, ƙofa tana buɗe, titi muke ɗumamawa."

Na ce, "Ki ƙara ta. Baƙin ubanki ba za su ji sanyi ba, ƙofarsa kuma ba za ta rufu ba."

Ta yi yadda na ce. Tun safe har bayan isha ƙofa a wangale, boila tana ruri, har aka yi sadakar bakwai. Ba wanda ya tuna ya duba tanki. Malam ne mai dubawa. Man ya sauka har ƙasa, inda tsatsa da laka suke kwanciya, boila ta zuƙo su. Da aka farga aka kira mota ta cika, sabon man ya ƙara motsa lakar. Gidan ya ci gaba da ɗumi yana ɗingishi na wani lokaci, wata safiya cikin tsakiyar sanyi muka tashi ƙarafunan ɗumama ɗaki na jikin bango sun yi sanyi kamar randa.

Auta ta danna jan maɓallin boila, ta yi gurnani ta mutu. Ta buga wa masu gyara, wannan ya ce ya cika, wancan ya ce sai bayan hutun ƙarshen shekara. Ɗaya ya tambaye ta ko man ya taɓa ƙarewa, ta ce e, ya ce to wataƙila filta ce ta toshe, zai zo idan ya samu sarari.

Ni kuma ina cikin takaba. A gidan da miji ya bar ki ake yin ta, haka na tashi na gani, haka na yi niyya. Ina saye da tufafi marasa ado, ba turare, ba kwalli, ga wata 'yar wuƙa da nake riƙewa duk inda na motsa a cikin gida, kamar yadda na ga mahaifiyata ta riƙe lokacin da ta yi wa babanmu. Auta ta sha gaya mini cewa malamai sun ce wuƙar nan ba ta cikin addini.

"Umma, wa za ki yanka? Mai kawo wasiƙa?"

"Ke dai ki bar ni."

Na sani ba ta cikin addini. Amma hannuna yana son ya riƙe wani abu.

Muka tattara a falo da wata ƙaramar hita ta lantarki, mu uku, ni da Auta da jikata, wadda nake kira ƙawata. Idan aka kunna hita aka kunna butar shayi sai wutar gidan ta ɗauke gaba ɗaya. Ruwan alwala a tukunya muke ɗumama shi. Tagogi suka yi ta zufa, bango ya fara baƙi a kusurwa. Ƙawata tana yawo da riguna a kan riguna kamar ƙunshin goro, da farko abin wasa ne a wurinta, tana hura iska tana cewa tana shan taba. Sai ta fara tari.

Babban ya bugo daga Manchester. Auta ta sa wayar a tsakiya don in ji.

"Umma, gobe zan zo in ɗauke ku. Flat ɗina akwai ɗaki, akwai ɗumi."

Na ce, "Takaba nake."

"Na tambayi liman, Umma. Ya ce idan akwai lalura ana iya tashi."

"Limamin ya san ubanka?"

"Umma, please."

"Kai, kada ka yi mini Turanci. Ka ɗauki ƙanwarka da yarinyar. Ni ku bar mini bargo."

Auta ta ce, "Ba inda za ni in bar ki ke kaɗai a firij."

Na ce ta tafi, ta ce ba ta tafiya. Na san halinta, ni na haife ta. Na san muddin ina zaune tana zaune, yarinyar ma tana zaune. Duk da haka na zauna. Ina jin tarin daga inda nake jan carbi, ina cewa a raina gobe mai gyara zai zo. Kujerar Malam tana gefena, hularsa tana rataye a bayan ƙofa. Gani nake idan na sa ƙafa a mota na bar shi shi kaɗai a gidan da babu wuta.

Auta ta kai yarinyar wurin likita, aka ce ƙirjinta ne, a ajiye ta wuri mai ɗumi. Ta dawo ta faɗa mini haka ba ta ƙara komai ba, ta wuce ɗakin girki. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Washegari da hantsi na ce mata, "Filtar nan da mutumin ya faɗa, na san inda take."

Ta dube ni. "Kin iya?"

"Na riƙe kwano."

Na saka babbar rigar sanyin Malam a kan hijabina, hannayenta sun rufe mini yatsu. Muka bar yarinyar a nannaɗe a gaban talabijin, muka fita lambu. Rabona da taka wajen tun ranar da aka ɗauke shi. Ciyawa ta daskare tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Karan tumatir ɗinsa suna nan a tsaye sun bushe, da igiyoyin da ya ɗaure su da su. Na kau da kai.

A ɗan ɗakin ajiya muka samu komai wuri ɗaya: buhun, sifanar, buroshin, da kwanon, a kife. Auta ta ɗaga kwanon ta ce, "Wannan ba cikin kayanki na aure yake ba?"

"Ubanki ya sace shi."

Ta yi dariya, ni ma na yi, rabon da mu yi tun kafin asibiti.

Ta durƙusa a kan buhu inda yake durƙusawa. Na ce ta rufe famfo tukuna, ta murɗa har ya tsaya. Na sa kwano a ƙasa. Ƙusar kofin ta ƙi motsi, yatsunta sun ƙage, ta cire safar hannu ta hura musu iska ta sake kamawa.

"Wane gefe, Umma?"

"Gefen da yake yi."

"Wane gefe yake yi?"

Na rufe ido na ga kafaɗarsa tana karkata wajen katanga. Na ce, "Wajen katanga."

Ta danna, ƙusa ta saki. Kofin ya sauko, abin da ya zubo cikin kwanon ba kananzir ba ne, wani baƙin abu ne mai kauri kamar ƙullun kuka da ya kwana. Ragar da na sani fara-fara ta zama dunƙulen laka. Auta ta riƙe ta da yatsu biyu ta ce, "Ga ƙofarki a buɗe, Umma." Da wasa ta faɗa. Amma maganar ta soke ni.

Muka ɗan buɗe famfo muka tari mai tsabtatacce a gwangwani, kamar yadda yake yi. Wankin ni na karɓa. Na tsoma ragar ina goga buroshi a hankali, baƙin yana fita, ƙananan idanunta suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Warin ya taso ya cika mini hanci. Warin hannunsa ne. Ina gogawa hawaye suna ɗiga cikin gwangwanin, Auta ta ce, "Umma, kada ki sa wa man ruwa, boila ba ta shan hawaye." Ita ma nata idon ya cika.

Ta goge kofin da tsumma har ya yi ƙyalli. A bakinsa akwai wani siririn zobe na baƙar roba, kwance a cikin wani ɗan kwari. Na tuna Malam yana ciro shi ya goge ƙarƙashinsa. Da farcen babban yatsa yake yi. Auta farcenta a yanke yake saboda aikin asibiti, ta gwada ya ƙi. Nawa yatsun sanyi ya sandarar da su.

Ta ce, "Mu bar shi haka."

Na ce, "Shi ba ya barin sa haka."

Wuƙar takaba tana aljihun rigar. Na ciro ta na sa tsininta a ƙarƙashin zoben, na ɗaga. Ya fito. Na goge wurin tas, na mayar da shi, na danna da yatsa. Ban ga komai ba. Ita ma ba ta gani ba.

Muka sa raga, muka ɗaure kofi, ta buɗe famfo. Na yi bismillah. Muna kallo wani ɗigo ya taru a gefen kofin, ya yi nauyi, ya faɗa cikin kwano. Wani ya biyo shi. Ta ƙara ɗaurewa, ɗigon ya zama siririn zare. Ta rufe famfo ta sake kwancewa, ta ɗaga zoben wajen haske ta ja shi kaɗan. Sai ga bakin yanka ya buɗe, daidai inda tsinin wuƙata ya shiga.



Na san Malam yana da irin waɗannan zobba, na taɓa ganin su a wata 'yar leda. Ban taɓa tambayar inda yake ajiye su ba, don ban taɓa zaton zan nema ba shi ba ya nan. Muka birkice ɗakin ajiya, gwangwanayen ƙusa, kwalayen iri, akwatin motarsa. Babu. Auta ta shiga mota ta je wani shagon kayan gini, ta dawo da zobba iri-iri, wani ya yi girma, wani ya yi ƙanƙanta, mai shagon kuma ya gaya mata ba kowace roba ke jure kananzir ba. Ta ce ba za ta buɗe famfo a kan abin da zai zubar da mai cikin ƙasar mutane ba. Gaskiyarta.

Muka koma ciki. Ƙawata ta yi barci a kan kujerar kakanta, bakinta a buɗe, numfashinta yana fito kamar buta ta kusa tafasa. Na tsaya a kanta da wuƙar a hannuna. Na ajiye wuƙar a kan taga.

Na ce, "Auta, bugo wa yayanki."

Ya iso bayan azahar. Bai ce ai na faɗa miki ba, ya dai durƙusa ya gaishe ni ya ɗauki jakata. A bakin ƙofa na tsaya na ce, "Malam, ka yafe mini, zan dawo da an gyara." Da ƙarfi na faɗa, yaran suka sunkuyar da kai. Duk tsawon hanyar hannayena suna cikin rigarsa, suna wari.

Gidansu a Whalley Range yake, wani katafaren tsohon gida da aka yanyanka, nasu a sama. Muna shiga ɗumi ya rufe mini fuska. Wannan da take rubutu ta kawo mini kunun gyaɗa, ta haɗa mini ruwan wanka, ta shimfiɗa mini gado kusa da ƙarfen bango mai zafi. Na ce ba zan iya barci ba, don tun rasuwar ba na yi sai gyangyaɗi. Kafin asuba nake tashi kullum in zauna ina yi masa addu'a har gari ya waye.

Da na buɗe ido rana ta shigo ta taga. A ƙasar nan, cikin sanyi, kafin rana ta fito an daɗe. Yara suna karin kumallo, ina jin cokula. Na yi barci kamar jaririya. Asuba ta wuce, ban tashi ba, ban yi masa addu'a ba, ko mafarkinsa ban yi ba. Jikina kuma yana jin daɗi. Ƙasusuwana sun saki, ƙafata ba ta ciwo. Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, matar ɗana tana ta cewa ai barci ba laifi ba ne, ki rama sallarki, Umma. Na rama. Tarin yarinyar ma ya fara sauƙi a wannan ɗumin.

Bayan hutu Auta ta koma don aiki, ta bar mini yarinyar. Mai gyara ya zo, ya sa sabon zobe, ya fitar da iskar da ta shiga bututu. Ta bugo mini da rana, muryarta sama-sama.

"Umma, kin ji? Boila ce wannan. Gida ya ɗau zafi har na cire riga. Mutumin ya ce filtar ta wanku sosai, wa ya wanke? Na ce uwata. Ranar Asabar in zo in ɗauke ku?"

Na dubi tagar, na dubi jikokina suna kokawa a kan darduma. Na tuna kujerar, da hular a bayan ƙofa, da shirun da yake gidan idan Auta ta tafi aiki.

Na ce, "Ki bari tukuna, yarinyar ta ƙara warwarewa."

Ta zo ta ɗauki yarinyar da ta warware. Ni na ce ƙafata. Wani makon na ce hanya da ƙanƙara. Limamin da ya ce lalura tana ɗaga mutum, na tabbata da an koma masa zai ce idan ta wuce a koma. Ba wanda ya koma masa, ni ma ban ce a koma ba. A nan na fita takaba, a nan aka yi 'yar sadaka, a gidan da Malam bai taɓa kwana ba.

Yaran ba su taɓa yi mini maganar ba. Babban yana murna ina kusa da shi. Auta ce kawai wata rana ta ce, "Umma, da kin san za ki so Manchester haka, da ba mu daskare ba." Ta yi dariya ta rungume ni. Ni ban iya dariyar ba. Na sa yarinyar mutane ta kwana tana tari saboda gidan da na ce ba zan iya bari ba, sai ga shi na bar shi da daɗin barci ɗaya. Na yi wa Malam alkawari a bakin ƙofa, gaban 'ya'yansa.

Da ganye ya fara zuba bana, Auta ta bugo ta waya mai hoto. Tana durƙushe a kan buhu a gindin tanki, mijinta yana riƙe da kwanon, ya karkata shi.

Na ce, "Ka miƙe kwanon nan, ɗana."

Auta ta ce, "Ki zo ki riƙe da kanki mana. Ɗakinki yana nan. Wuƙarki ma tana kan taga, ba wanda ya taɓa."

Na ce in sha Allah. Matar ɗana ta ɗago yanzu tana tambayata ko ta rubuta cewa zan je. Na ce ta rubuta abin da na faɗa kawai.